Ruwan da Goggo Take Binnewa

Tun ina yarinya ake yi mini dariya saboda tsoro. In na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta. In na kashe wuta a murhu sai na dawo na zuba ruwa a kan tokar da ta riga ta huce. Mijina tela ne, shagonsa yana bakin titi a Nukkai, unguwarmu a Jalingo, kuma ya fi kowa tsokanata. Uwar tsoro yake kirana, har ƙaramar 'yarmu ta taɓa ɗauka sunana ke nan.

Farkon wata damina idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka jiƙa masa saiwoyi, ya sha har ya gaji. Jikinsa ya kama ƙaiƙayi, yana susa da bayan almakashi. Fitsarinsa ya zama kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ni na matsa muka je asibiti. Da aka yi masa hoton ciki aka ce akwai ɗan ƙari da ya toshe hanyar da ruwan madaciya ke bi, a kan wani nama da ban taɓa jin sunansa ba, wai fankiriyas. Aka tura mu wani babban asibiti a wani gari, tafiyar yini guda a mota.

Likitan da zai yi aikin mutum ne mai magana a hankali. Ya zaunar da mu, ya ce naman nan yana kwance ne a bayan tumbi. Shi ke daidaita sukari a jini, shi ke kuma fitar da ruwan da ke narkar da abin da muka ci. Ya ce za su yanke kan naman tare da ƙarin, su ɗinke ragowar a jikin hanji.

"Ɗinkin nan shi ne abin tsoro," in ji shi. "In ya yi yoyo, ruwan zai zuba a cikin ciki. Shi kuwa bai san bambancin naman miya da naman mai shi ba."

Maigidana kuwa dariya ya yi.

"Ashe kai ma tela ne, likita."

"Kusan haka. Malam, kana shan taba?"

"Na daina."

Na juya na dube shi. Likita ya ga kallon da na yi.

"Yaushe ka daina?"

"Da muka shigo ƙofar asibitin nan."

Likita bai yi dariya sosai ba. Ya ce taba tana hana rauni haɗewa, tana kuma sa ƙirji ya cika bayan aiki. Ya dubi tumbin maigidana, wanda duk ramar ciwon ba ta taɓa shi ba, ya ce kitse yana shiga har cikin naman ya sa shi ruɓushi. Ya yi maganar sukarin da aka gano yana da shi kaɗan, da shawarar da ta daɗe a jikinsa, wadda ke sa jini ya yi nawar daskarewa. Ya ce da tsoho ne tukuf, ko wanda ya rame ya ƙare, da abin ya fi haka nauyi. Ni dai ina zaune ina ɗora kowane a kan mijina kamar mai gwada masa riga, kuma kusan duk sun yi masa daidai. Har tuwon da nake ƙara masa da man shanu sai da ya faɗo mini a rai.

"Akwai sauran abu biyu," in ji likita, "ba wanda ya san su sai an buɗe. Ko naman mai tauri ne ko mai laushi. Ko hanyar ruwan da ke cikinsa mai faɗi ce ko siririya. Mai laushi ba ya riƙe zare."

"Kamar yadi mai santsi," in ji maigidana.

"Kamar dafaffiyar kabewa."

"To ka sa zare biyu, likita. Kada ka yi mini aikin sallah."

An shiga da shi da safe, ba a fito da shi ba sai da rana ta yi sanyi. Likita ya same ni a baranda da hular aiki a kansa. Ya ce an cire ƙarin, an gode Allah. Sannan ya ce naman mai laushi ne ƙwarai, hanyar kuma ba ta fi tsinken tsintsiya ba. Na tambaye shi ko ciwon ne ya lalata shi haka. Ya ce a'a. Naman da ciwo ya daɗe yana ci shi ke yin tauri, ya riƙe zare da kyau. Na mijina lafiyayye ne, shi ya sa. Na daɗe ina juya maganar nan. Har yau ba ta zauna mini ba, a ce lafiyar abu ita ce haɗarinsa.

Ɗinkin ya yi yoyo. An bar masa wata siririyar roba da ta fito ta gefen cikinsa, ta sauka cikin wata jaka mai haske da ake ratayewa a jikin gado. Ruwan da ke taruwa a ciki gurɓatacce ne, kamar ruwan da aka wanke shinkafa aka bar shi ya kwana. Inda ya ɗiga a fatarsa wurin ya yi ja ya saɓule kamar ƙuna. Nakan zauna ina kallon ɗigon yana tafiya a cikin robar, ya tsaya, ya sake tafiya. Mun daɗe a asibitin har na san masu shara da muryoyinsu. Da zazzaɓi ya sauka, ya fara cin abinci, aka ce mu koma gida da robar a jikinsa, yoyon zai rufe da kansa a hankali.

Ranar da za mu tafi likita ya kira ni gefe.

"Hajiya, an ce ke ce mai tsoro a gidan."

"Haka suke cewa."

"To ki riƙe wannan. Ruwan nan yana kwance kusa da jijiyoyin jini, yana iya lasar ɗaya har ta yi siriri. In kika ga jini a jakar, ko kaɗan ne, ko ya tsaya da kansa, ko maigidan yana dariya, ki kai shi asibitin da ya fi kusa, su kira ni. Jinin farko sallama kawai yake yi. Mai shigowar yana baya."

Da muka dawo Jalingo muka tarar da Goggo ta taso daga unguwar Majidaɗi da ƙullin kayanta. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi tun mahaifiyarsa ta rasu, kuma a wurinta har yanzu yaro ne. Tsohuwa ce siririya mai tsafta, Hausarta cike da Fulatanci. Tun da na san ta ba ta yarda a bar gashi a jikin mataji ko farce a ƙasa. Sai ta tattara ta tona rami ta rufe. Ta ce abin da ya fita daga jikin mutum yana nan da igiya tsakaninsa da mai shi, duk wanda ya samu ya ja, mai shi zai ji.

Da ta ga jakar tana reto a fili, masu dubiya suna shiga suna fita suna leƙawa, sai ta kama baki.

"Cikin ɗana ne kuka rataye a bango kowa yana kallo?"

Nan take ta yage wani tsohon zane ja ta naɗe jakar. Washegari da asuba na fito da ɗan bokiti zan juye ruwan a masai kamar yadda aka koya mini, na tarar ta riga ni. Ta juye a wani gwangwani, ta kai bayan ɗaki gindin mangwaro, ta tona ta binne, tana motsa baki. Daga ranar aikin ya zama nata. Na ce mata likita ya ce a riƙa duba kalar ruwan.

"Kala? Rini muke yi?"

"Goggo, cewa ya yi..."

"Ina da ido, 'yar nan. Na yi jinyar mutane tun ba a haifi likitanki ba."

Surukata ce, ba zan yi sa-in-sa da ita ba. Sai na koma leƙe. In ta tayar da sallar walaha ko ta shiga wanka, na ɗaga jan zanen na duba. Abin da ya taru da rana ina gani. Abin da ya taru kafin asuba kuwa Goggo ce kaɗai ke gani, ita da ƙasa. Kullum na gaishe ta nakan ce, "Goggo, yaya ruwan yau?" Ta ce, "Jam." Lafiya ke nan. Ba ta ƙarawa.

Sau ɗaya na tayar da gidan a banza. Na leƙa na ga jakar ta yi ja, na fasa ihu, har maƙwabta suka shigo. Da aka kwance zanen aka ga hasken taga ne ya ratsa jan yadin. Ruwan yana nan yadda yake. Maigidana ya yi dariya har ya riƙe ɗinkinsa. Maƙwabciyata, wata Bamumuya da muke shiri tun zuwanmu unguwar, ta ce da irin Hausarta, "Kai Maman yara, wata rana kai ne za ka kashe mutumin nan, ba ciwo ba." Goggo kuwa kallona kawai ta yi.

Nakan bi ta gindin mangwaron in zan shanya wanki. Ciyawar wurin ta fara yin ja, ta bushe, alhali damina ce, ko'ina kore shar. Ƙasar ta yi wani laushi mai maiƙo. Tururuwa da ke jerin gwano zuwa bishiyar suka canja hanya, suna zagaye wurin. Kajina, da ba abin da ba sa tonawa a gidan nan, ba sa zuwa ko kusa. Na gaya wa maigidana, ya ce in bar tururuwa su yi harkarsu.

Ranar da abin ya faru ya tashi da wani irin sauƙi da bai taɓa samu ba tun aikin. Ya shanye kunu, ya nemi ƙari. Ya fito tsakar gida da kansa, jakar a hannu kamar mai zuwa cefane, ya zauna a tabarma. Ya ce a aika shago a ɗauko masa kan keken ɗinki, hannunsa yana ƙaiƙayin aiki. Goggo sai fara'a take, har da 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Na ce, "Goggo, yaya ruwan yau?" Ta ce, "Jam," ba ta dube ni ba. Da ta shiga ɗaki na ɗaga zanen. Ruwan shinkafa ne kamar kullum, ɗan kaɗan a ƙasan jakar.

Hantsi ya yi, hadari ya taso ta bayan duwatsu ya tsaya bai motsa ba. Iska ta ɗauke. Ko ganyen mangwaro ba ya kaɗawa, injin niƙan maƙwabta ma shiru. Na ɗauki bokitin wanki na zagaya bayan ɗaki, sai na ga kajina duka a gindin bishiyar. Sun yi da'ira, kawunansu a ƙasa. Kaji in suka samu abinci sukan yi faɗa da kuka, waɗannan ba wadda ta yi ƙara. Tono kawai suke suna caccaka. Na kore su, suka matsa kaɗan suka tsaya suna kallona, bakin wata da wani abu baƙi yana reto.

Na tsuguna na sa tsinke na buɗe ƙasar. Ɗanya ce, ta asubar ranar. A ciki akwai gudaji baƙaƙe masu sheƙi kamar an yanka hanta ƙanana, yashin da ke kewaye da su ya yi ja.

Na daɗe a tsugune. Ina jin muryar maigidana daga tsakar gida yana ba Goggo labarin wani da ya kawo ɗinkin wando ya dawo ya ce ƙafa ɗaya ta fi tsawo, ashe ƙafarsa ce. Na ce wa kaina wataƙila ƙadangare kajin suka kashe. Wataƙila jar ƙasa ce. Na tuna ihun da na yi a banza da kallon da Goggo ta yi mini. Sai na ciro leda daga bakin zanena, na kwashe ƙasar da hannuna, da gudajin da komai, na ƙulle.

"Goggo, me kika binne yau?"

Ta dubi ledar, ta dubi hannuna. Fuskarta ta canja.

"Tonawa kika yi?"

"Kaji ne suka tona. Jini ne, Goggo."

"Na sani jini ne. Mugun jini ne ya fita, irin wanda ƙaho ke ja. Ba ki ga yadda ya tashi ba? Tun da aka yanka shi yake fama da shi, yau Allah ya fitar. Na rufe bakina ne don na san halinki."

Ba ƙarya take ba, abin da ta yarda da shi ke nan. Kuma ga shi nan zaune yana murmushi, kunu biyu a cikinsa.

"Uwar tsoro," in ji shi, "yanzu kuma kaji ne likitocin?"

"Malam, ka tashi mu je asibiti."

"Dubi jakar mana. Akwai jini?"

"Babu."

"To?"

Ya yi hamma. Na dubi leɓɓansa, na ga kamar sun yi fari, amma ni kullum ina ganin kamar. Na kama tafin hannunsa, da ɗan sanyi, amma hadari ne a sama. Ba abin da zan nuna wa kowa ban da ledar da ke hannuna.

Na leƙa ta katanga na ce wa maƙwabciyata ta ce wa mijinta ya kawo kekensa, shi yana haya da keke mai ƙafa uku. Na sa hijabi. Goggo ta tare ƙofa.

"Ina za ki da jinin ɗana? Titi za ki kai shi, kowa ya gani?"

"Asibiti zan kai."

"Ba ni nan in mayar inda yake."

Ban taɓa ƙin ba ta abu ba tun da aka kawo ni gidan. Na ce, "Goggo, ki yafe mini. Ko ya taso mu tafi tare, ko na tafi da wannan ni kaɗai, in nuna wa duk wanda na samu a can."

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ba za ta iya ƙwace ledar ba, ba za ta kuma iya barin jinin ya fita gidan ba ta biye da shi ba. Ta juya ta ɗauko mayafinta. Maigidana ya ga mata biyu za su fita su bar shi da tabarma, ya yi tsaki, ya miƙe.

"Mu je. In aka ce ba komai, yau ke za ki kwana a gindin mangwaron."

A keken, Goggo ta riƙe gefen ledar, ni na riƙe bakinta.

Likitan da muka samu a ɗakin gaggawa yana cikin rubutu ne na ajiye masa ledar a gabansa na kwance. Ya fara ɗaure fuska, sai ya duba da kyau. Ya tambayi wane aiki aka yi wa maigidana, na faɗa masa, na ba shi lambar wancan likitan. Ya fita da waya a kunne. Da ya dawo bai sake zama ba. Aka kwantar da maigidana, aka sa masa allurar ruwa a hannu biyu, aka ce a kira 'yan'uwa maza su zo a gwada jininsu a ajiye. Aka kwance jan zanen Goggo aka rataye jakar a fili.

Daga nan sai jira. Azahar ta wuce. Ruwan jakar yana nan fari-fari. Ƙannensa da aka kira daga kasuwa suka ba da jini, suka tsaya a baranda suna kallona ta taga. Maigidana yana ta ba ma'aikaciyar jinya haƙuri, yana cewa matarsa ce, haka Allah ya yi ta. Goggo tana gefe da carbi. Na ji kunya ta rufe ni, har na fara addu'ar da ban san me nake roƙo a cikinta ba, don in na yi gaskiya mijina ne zai biya.

Bayan la'asar hadarin ya sauko. Maigidana yana cikin gaya wa ƙaninsa inda ya ajiye yadin wani mutum, sai ya tsaya a tsakiyar magana.

"Ku rufe tagar nan," ya ce. "Sanyi."

Tagar a rufe take. Na dubi robar. Wani jan zare ya fito daga gefen cikinsa yana bin ta a hankali, ba ƙara, ba komai, kamar ana zura shi a allura. Kafin ya kai jakar ya cika robar. Wannan karon ban yi ihu ba. Goggo ce ta yi.

Ma'aikatan asibitin suka tura gadon da gudu. Jinin da aka ajiye yana nan, ɗakin aiki a shirye, wancan likitan yana kan waya. Daga baya aka ce mana sun sami jijiyar ta yi siriri kamar fatar albasa, ta fashe, suka ɗaure. Aka ce da daga Nukkai za a ɗauko shi a cikin ruwan saman nan, da ba a iso da shi ba. Mun sake daɗewa a asibiti, ya sha wuya fiye da ta farko, amma ya tashi. Yoyon ma daga baya ya rufe, aka zare robar.

A daren farko, kafin a san ko zai rayu, Goggo ta je ta sami likitan ta ce a ba ta ledarta. Aka nemo mata. Ta hau keke ita kaɗai a cikin ruwa ta koma gida ta binne a inda aka tono. Har yau ta yarda wannan ne ya tsayar da shi. Ban taɓa yi mata gardama ba, ita ma ba ta taɓa tayar da maganar abin da na faɗa mata a bakin ƙofa ba. Sai dai in ta zo yanzu, takan ce in duba mata ko ta rufe jakar kayanta da kyau.

Maigidana ya koma shago. Ya rame, rigunansa na da duk ya rage su da hannunsa. Yana haɗiyar wasu ƙwayoyi duk lokacin da zai ci abinci, taba kuwa ya bar ta da gaske. Uwar tsoro dai bai daina ba.

Gindin mangwaron ya daɗe ba abin da ya fito. Daminar bara wata kabewa ta tsiro a daidai wurin, ba wanda ya shuka ta. Ta yi yaɗo har kan katanga, ta haifi ƙwaya ɗaya babba. Maigidana ya ce in yi mana miyar taushe da ita. Na ce to. Kullum ya tambaya sai in ce ba ta nuna ba tukuna, har ta ruɓe a inda take, kajin suka zo suka cinye.